Wadda Ta Tsamo Kyaftin

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina Kyaftin, ya mutu ko yana raye," ku sassauta min haka nan. Ke kuma da kika rantse kin daina gaishe ni idan na kashe shi, maza dawo min da gaisuwata. Ku gyara zama.

*

"Ki daina kallona haka, Nas, sai ka ce fatalwa kika gani."

Abin da Kyaftin ya fara faɗa ke nan da ya buɗe ido sosai, muryarsa a dishe kamar wanda ya haɗiyi yashi.

Matarsa ta yi dariya, dariyar ta zarce da kuka. Shekara da shekaru tana aikin jinya a wannan ɗakin maza na asibiti, ta ɗaura wa mutane ƙarin ruwa ba adadi, amma jiya da ta zo neman jijiya a hannun mijinta ta kasa, sai da abokiyar aikinta ta karɓi allurar.

Shekaranjiya ne jirgin fiton da yake tuƙawa ya kife a tsakiyar kogi, ruwa ya cika ya batse. An tsamo fasinjoji duka. Shi da hannunsa ya tura na ƙarshensu cikin kwalekwalen masunta, sannan ruwan ya ja shi. Aka nema har aka gaji. Maƙwabta sun fara shigowa gida da fuskar ta'aziyya, sai ga masunta jiya da hantsi sun kawo shi a bayan motar kifi, a sume, yana numfashi sama-sama.

"Har yanzu ƙarnin kifi kake yi," in ji Nas, tana share ido da bayan hannu.

"To ki gode Allah ba cikin kifin aka same ni ba."

Mama, mahaifiyar Nas, tana zaune kan kujerar roba a gefen gadon tana ɓare masa lemu da 'yar wuƙa. Ta girgiza kai tana murmushi.

"Kai dai bakinka ba ya nutsewa. Idan ka samu ƙarfi sai mu je har gida mu yi wa masuntan nan godiya. Sun yi mana abin da ba za mu manta ba."

"Sun yi ƙoƙari, Mama. Amma su ɗauko ni kawai suka yi. Ba su suka tsamo ni ba."

Nas ta matso. "To wa?"

Ya lumshe ido, wasan ya bar fuskarsa.

"Wani reshe na samu na riƙe a cikin ciyawar nan ta kwanar kogi. Na riƙe har hannuna ya mutu. Gari na fara haske na ji yatsuna suna saki da kansu. Na ce shi ke nan. Ke na tuna, Nas, na ce ko sallama ban yi mata da kyau ba da zan fito."

"Ka ci gaba."

"Kaina ya shiga ruwa. Sai na ji an cafki wuyan rigata ta baya. Ba ta da ƙarfin ja na, wallahi ba ta da shi. Mayafinta ta ɗaure a jikin bishiya, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta, ta shigo ruwa har wuya. Ta tallafe haɓata a kafaɗarta. Haka muka tsaya, ni da ita, cikin sanyin nan, tana min waƙa a kunne don kada in yi barci, tana ƙwala wa masunta kira, har rana ta ɗaga."

"Wace ce?"

"Tsohuwar nan. Mai Farin Zane."

Wuƙar ta suɓuce daga hannun Mama ta faɗi ƙasa, lemun ya gangara ƙarƙashin gado.

Babu wanda bai san Mai Farin Zane ba a garin. Ita kaɗai take zaune a wani ɗan ɗaki ƙasa da tsohon gidan famfo, inda kogi ya yi kwana. Kullum da safe takan shiga ruwa zuwa gwiwa, ta zuba madara da turare, ta saki furanni, tana magana da wadda take kira Uwar Ruwa. Matan da suke tofar da yawu idan ta wuce a kasuwa, su ne dai suke lallaɓawa wurinta idan haihuwa ta yi musu nisa. Ita kuwa Nas, tun tana 'yar ƙarama doka ɗaya Mama ta kafa mata wadda ba ta taɓa sassautawa ba: ko hanyar gidan famfo kada ƙafarta ta taka.

Nas ta miƙe ta cire hular aikinta.

"Ina za ki?" in ji Mama.

"Kin san inda za ni, Mama."

Mama ta bi ta har baranda, ta kama hannunta ta ja ta bayan wani keken tura marasa lafiya.

"Ba za ki je ba."

"Haba Mama! Mijina fa ta ba ni."

"Ki aika mata. Duk abin da kike so ki saya, ni zan nemo wanda zai kai."

"Aike? Matar da ta shiga ruwa har wuya, ni kuma in tura mata leda a hannun wani? Ke kika koya min idan mutum ya yi min alheri in je in dube shi ido da ido."

"Wannan daban ce."

"Da me ta bambanta? Ni ba bauta za ni yi ba, godiya za ni."

Mama ta ɗago ta dube ta. Nas ta zaci faɗa za ta gani a idonta kamar kullum, amma tsoro ta gani, tsoro tsagwaronsa.

"Mama, me matar nan ta taɓa yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba," ta faɗa can ƙasa. "Sai alheri."

Ta saki hannun, ta juya ta koma ɗaki da sauri.

*

Nas ta tsaya a shagon bakin asibiti ta sayi bargo mai kauri, da burodi, da madarar gwangwani, da sikari da ganyen shayi. Jakar aikinta na rataye a kafaɗa, ta saba, ko ina da ita take zuwa. Mai babur ya sauke ta a gidan famfo ya ce daga nan ba ya ƙarasawa, ko da za ta ninka masa.

Ta gangara da ƙafa, taɓo na kama mata takalmi.

Ɗakin bai kai yadda take zato ba. Ta yi tsammanin duhu da ƙasusuwa da abin tsoro. Sai ta tarar da tsakar gida a share tas, fararen zannuwa a kan igiya, kaji na tono a gindin ayaba.

"Sallama dai."

"Shigo, ƙofar ba ta da sakata."

Tsohuwar na kwance kan ɗan gadon katako, ta rufa da zane ɗaya. Ƙarama ce ƙwarai, ba ka ce za ta iya ɗaga bokiti ba balle ƙato kamar Kyaftin. A kusurwar ɗakin an shimfiɗa farin ƙyalle, a kai akwai madubi, da mataji, da kwalaben turare, da ƙananan bawon kifin teku, da wani ɗan jirgi na katako mai shuɗin fenti.

Nas ba ta san lokacin da ta zube a gwiwa ba.

"Iya, ni ce matar mutumin da kika tsamo."

"Na sani. Ya tashi?"

"Ya tashi. Har ya fara surutu."

"Ai kuwa ya iya shi. Muna cikin ruwa haƙoransa na kaɗawa, wai in yi haƙuri ya jiƙa min zane."

Suka yi dariya tare, dariyar tsohuwar ta ƙare da tari mai tsawo.

"Iya, na shirya magana tun daga hanya, duk ta gudu. Ban san yadda ake gode wa wanda ya dawo wa mutum da rayuwarsa ba. Na riga na fara tunanin yadda zan shiga ɗakinmu in ga takalminsa a bakin ƙofa..." Muryarta ta karye. Ta kama hannun tsohuwar ta kifa goshinta a kai. "Na gode. Na gode. Allah Ya saka miki da abin da ya fi wannan."

"Tashi, 'yar nan, tashi. Ni ce da godiya."

"Ke kuma?"

"Kin san me ya fitar da ni da sassafe haka? Faɗa na je yi da ita." Ta nuna wajen kogin da haɓa. "Na ce mata, Uwa, na tsufa. Na ba ki ƙuruciyata, na ba ki gashina har ya yi fari, yara na jifana, manya na kauce min a hanya. Me na tsinana wa wani a duniyar nan? Nuna min abu ɗaya. Ban rufe baki ba na hango jar riga a cikin ciyawa."

Nas ta ce a hankali, "Iya, kada ki ji haushina. Ni dai na san Allah ne Ya kuɓutar da shi."

"To wa ya ce ba Shi ba ne? Shi Ya yi ni, Shi Ya yi kogin da abin da ke cikinsa. Ban ce ki yarda da komai nawa ba. Ke dai rufa min bargon nan, tun ɗazu nake satar kallonsa."

Nas ta warware bargon ta lulluɓa mata. Idonta ya sake faɗawa kan ɗan jirgin.

"Kyauta ce," in ji tsohuwar. "Wasu baƙi ne suka zo daga ƙetaren teku, jikokin waɗanda aka kwashe a jiragen ruwa tun zamanin da. Mai yi musu tafinta ya ce can ma suna da tasu Uwar, suna cika mata irin wannan jirgin da furanni su tura teku. Wata dattijuwa a cikinsu ta kama waƙa. Kalmomin duk sun karkace, amma muryar tamu ce, ta kakata ce. Na karɓa mata. Muka rungume juna muna kuka, ba mai jin yaren wani."

Tari ya sake sarƙe ta. A wannan karon Nas ta lura da yadda ƙirjinta yake ɗagawa da sauri, da yadda leɓenta ya yi duhu. Ta taɓa goshinta, zafi rau kamar garwashi. Ta zuge jaka ta ciro abin sauraron ƙirji.

"Ja numfashi, Iya. Ƙara."

Abin da ta ji bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta cije leɓenta na ƙasa.

Tsohuwar ta zuba mata ido, wani murmushi ya kufce mata.

"Haka uwarki take cije leɓe idan abu ya dame ta. Tun tana rarrafe."

Nas ta ɗago da sauri.

"Kin san Mama?"

Kafin ta amsa, inuwa ta rufe hasken ƙofa.

Mama ce. Takalminta ɗaya a hannu, taɓo har ƙauri, mayafi ya zame kafaɗa. Ba ta dubi 'yarta ba. Ta daɗe a tsaye tana kallon gadon, sannan ta durƙusa a bakin ƙofar, ta rarrafo.

"Yaya."

Tsohuwar ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta.

"Auta. Ban ce kada ki sake zuwa nan ba?"

"Kin ce."

"To me ya kawo ki?"

"Na gaji, Yaya. Wallahi na gaji."

Nas ta dubi wannan ta dubi waccan. Goshin iri ɗaya. 'Yar wushiryar iri ɗaya. Yaya aka yi ba ta taɓa gani ba?

"Mama, ba ke kika ce min ke kaɗai iyayenki suka haifa ba?"

"Ni na sa ta," in ji tsohuwar. "Kada ki ga laifinta."

Mama ta share fuska da gefen mayafi.

"Uwarmu ce take wannan hidimar, ita ma daga tata uwar ta karɓa. Da ta zo rasuwa, ni ta nuna. Ni kuwa ina makaranta, kuma tsoron ruwa nake kamar me, ko wanki ba na zuwa. Na yi kuka har na suma. Yaya a lokacin saura kaɗan bikinta, da wani mai gyaran rediyo da take so kamar ranta."

"Ya iya dariya," tsohuwar ta faɗa ido a rufe. "Kamar mijinki, 'yar nan."

"Ta je gaban uwarmu ta ce ita za ta karɓa. Mutumin ya ce ba zai iya zama da matar kogi ba, ya tafi. Ita ta ɗinka min kayan makaranta, ita ta raka ni tasha wurin dangin babanmu. Ta ce, Auta, ki je ki yi karatu, ki yi aure, ko kin dawo garin nan kada ki nuna kin san ni. Kada bakin mutane ya bi ki, ya bi 'ya'yanki."

"Kuma kika yarda?"

"Na yarda. Ina ganinta a kasuwa in kau da kai, in je gida in rufe ɗaki." Ta kama ƙafar yayarta ta cikin bargo. "Duk abin da nake da shi, ke kika ba ni. Karatuna, aurena, wannan yarinyar. Ban taɓa buɗe baki na ce na gode ba. Yau kuma kin ƙara min da surukina. Yaya, da wane baki..."

"Da wannan da kike yi yanzu. Ya isa." Ta ɗora hannu kan Mama tana shafawa. "Kina zaton ban ci riba ba? Ranar da 'yar nan ta fara sa fararen kayan asibiti, ina bayan shagon mai lemu ina kallo. Na ce, ita ma fari ta sa, amma nata kowa na gaishe ta. Ranar har rawa na taka."

Nas ta fashe da kuka. Ta matsa ta rungume su duka biyun.

"Inna," ta kira ta, karo na farko. "Inna."

"Sake faɗa, in ji da kyau."

"Inna!"

Tsohuwar ta yi dariya, ta yunƙura za ta tashi zaune. Sai tarin ya turnuƙe ta. Ta yi, ta yi, numfashin ya ƙi dawowa daidai, kanta ya langaɓe kan kafaɗar Mama.

Nan take Nas ta koma ma'aikaciya.

"Mama, ɗaga ta zaune! Tallafe bayanta!" Ta zaro waya. "Direba, ni ce. Ka kawo motar asibiti tsohon gidan famfo, yanzun nan, da tukunyar iskar numfashi. Eh, gidan famfo na ce! Ban tambaye ka ko kana tsoro ba!"

Ta kashe ta juyo. "Sanyin ruwan ya kama mata huhu. Idan ba a kwantar da ita yau ba, ban san abin da zai faru ba."

Tsohuwar ta girgiza kai da ƙyar.

"Ba na... kwana... nesa da ita."

"Inna, ki rufa min asiri! Ki bar ni ni ma in yi miki abu ɗaya!"

"Ba za ta tafi ba," in ji Mama, muryarta ta canja. "Ko ɗaukarta kuka yi, za ta sauko ta dawo da rarrafe. Na ga uwarmu ta yi."

"To mu zuba ido ta mutu?"

Mama ta sunkuya. Ta kai hannu ƙarƙashin gadon ta jawo wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle, ta buɗe. Tsohon farin kwano ne, bakinsa duk ya ɓantare.

"Da wannan ake zuba wa kogi. Mai riƙe da shi ba ta kwana wani wuri, sai in mace daga jininta ta ɗauka ta zauna a madadinta har ta dawo."

"In kuma ba ta dawo ba fa?"

"Ya zauna a hannun wadda ta ɗauka."

Sai a lokacin Nas ta gane abin da ta gani a idon Mama a barandar asibiti: tsoron kada kwanon nan ya ƙare a hannun 'yarta.

"Mama, ni ban yarda da wannan ba."

"Ba sai kin yarda ba. Ita ta yarda, kuma ba za ta motsa ba."

Daga can sama aka jiyo jiniyar mota.

Nas ta dubi leɓen innarta da yake ƙara duhu. Ta tuna Kyaftin a kan gado yana tsokanarta. Ta miƙa hannu wajen kwanon.

Mama ta buge hannun da ƙarfi.

"Kul! Ke je ki yi aikin da kika iya."

"Mama, ke da ko gada ba kya iya kallon ƙasanta?"

"Ta riƙe min tun ina yarinya. Ni ma in riƙe mata."

Sai Nas ta ji an damƙi wuyan hannunta, damƙa mai ƙarfin da ba ta zaci ya rage a jikin tsohuwar ba. Idon Inna a buɗe tar, tana fizgo magana ɗaya-ɗaya.

"Hana ta... Akwai abin da na yi wa kogi alkawari... a kanta... ba ta sani ba..."

Nas ta juya da sauri.

"Mama, tsaya!"

Amma Mama ta riga ta ɗaga kwanon da hannu biyu.